NAIRA ƊARI: FARASHIN ASIRIN TALAKA A RUMBUN GWAMNATI

A wannan wata za mu tsaya ne a kan wata amana da aka karɓa daga hannunmu da ƙarfin doka, sannan aka wayi gari ana cinikinta kamar tumatir a bakin titin Kwanar Dangora.

Babu wanda ya manta da abin da ya faru daga ranar 15 ga Disamba, 1920 ba, 2020 muke nufi, ko da yake wanda ya ga yadda aka yi da talakawa a lokacin zai zaci zamanin malaman haraji ne ya dawo. A ranar ce hukumar sadarwa ta ƙasa ta ba da umarnin cewa duk layin wayar da ba a haɗa shi da lambar zama ɗan ƙasa ba, wato NIN, za a toshe shi. Mutanen Riruwai da Dariya da Zainabi suka riƙa yin sammako, na Burumburum da Yaryasa da Karefa suka cika sakatariyar Tudun Wada, na Gwarmai da Rantan da Yako da Zuwo suka bar gonaki da kasuwanni. Tsoho mai sanda, da mai ciki, da mai goyo, duk a rana ɗaya, a layi ɗaya, alhali kuwa a daidai lokacin gwamnatin nan ce take ta shelar a guji cunkoso saboda annobar korona. An ce rajistar kyauta ce, amma kowa ya san abin da ya fita daga aljihunsa da sunan kuɗin man janareto. A Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 72 kiran waya. Aka yi ta ɗaga wa'adi har zuwa 14 ga Satumba, 2024.

To, me muka bayar? Mun bayar da cikakken suna, da ranar haihuwa, da sunan uwa da uba, da unguwa da gida, da lambar waya, da sunan magaji. An ɗauki hoton fuska, an ɗauki zanen yatsu goma. Matan da ko maƙwabci bai san kamanninsu ba, an zaunar da su gaban na'ura an ɗauka. Yau sama da mutum miliyan 100 ne a cikin wannan rumbu na hukumar NIMC, kuma Jihar Kano ce ta biyu a yawa, bayan Legas. Muka bayar, saboda an ce mana wannan ne maganin masu garkuwa da mutane, kuma abin da muka bayar yana cikin tsaro.

A watan Maris na 2024, wata cibiyar 'yan jarida masu binciken ƙwaƙwaf mai suna FIJ ta fallasa wani shafin intanet, XpressVerify, wanda duk mai naira 200 zai iya shiga ya zaro bayanan ɗan Nijeriya. Wata uku bayan haka, a Yunin 2024, ƙungiyar Paradigm Initiative ta sake bankaɗo wani shafin, AnyVerify, shi kuma naira 100 kacal yake karɓa. Don kada a ce ƙage ne, sai suka sa kuɗi suka sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa, Bosun Tijani, suka kuma sayi ta Vincent Olatunji, wato shi kansa shugaban hukumar da aka kafa don kare bayanan jama'a. Ku tsaya ku yi tunani, ya 'yan'uwa. Mai gadin rumbun ne da kansa aka saye shi a kan kuɗin da ba zai sayi ƙullin gishiri biyu ba. Idan wannan ne farashin minista, to nawa ne farashin manomin masara a Doguwa?

Amsar da hukumar ta bayar ita ce abin da ya fi ba mu takaici. Cewa ta yi ba a fasa rumbunta ba, komai yana nan daram. Binciken farko na hukumar kare bayanai kuwa ya nuna cewa mai yiwuwa wani daga cikin waɗanda aka ba lasisin tantance mutane ne ya ara wa shafin mabuɗinsa. Wai wannan shi ne abin da zai kwantar mana da hankali! Mai gida ya dawo ya tarar an kwashe masa hatsi, sai mai gadi ya ce: kada ka damu, ba a ɓalle kwaɗo ba, da mabuɗi aka buɗe. Ai wannan ya fi muni. Ɓarawon da ya haura katanga ana iya ƙara wa katangar tsawo saboda shi. Amma idan an yanka mabuɗai an rarraba wa 'yan kasuwa, su kuma suna ba da haya ga wanda suka ga dama, to wace katanga ce za ta yi magani? A faɗa mana, mabuɗai nawa aka yanka? Su wa ke riƙe da su? Mutum nawa aka leƙa bayanansu, kuma wa aka aika wa saƙo cewa an sayi sunansa?

Wannan sana'a ta cin amana a kan katin ɗan ƙasa ba sabuwa ba ce. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake ta narka kuɗi a kan wannan kati. A 2001 gwamnatin Obasanjo ta ba kamfanin Faransa mai suna Sagem kwangilar dala miliyan 214, aka tara mu a 2003 aka ɗauki hotuna da yatsu, kafin shekarar ta ƙare sai ga manyan jami'ai, har da waɗanda suka riƙe muƙamin minista, a gaban kotu bisa zargin cin hanci a kan wannan kwangila, daga baya shari'ar ta shiririce. A 2007 aka kafa NIMC aka ce a sake daga farko. A 2011 aka ce a yi rajistar layukan waya, aka sake ɗaukar yatsu. A Fabrairun 2014 Babban Banki ya fito da BVN, aka sake ɗauka. A Agustan 2014 Shugaba Jonathan ya ƙaddamar da katin ɗan ƙasa ɗauke da tambarin MasterCard, kamfanin Amurka, a kan shaidar da ake cewa ta 'yancin kai ce. Ga kuma hukumar zaɓe, ga ta shige da fice, ga ta lasisin tuƙi, kowacce da nata rumbu. A 2020 kuma aka amince da tallafin kuɗi na dala miliyan 430 daga Bankin Duniya da abokansa na Turai don a ƙarasa shigar da mu, wanda bashi ne da mu da 'ya'yanmu za mu biya. Yatsun nan dai goma ne, ba su ƙaru ba, amma kusan kowace gwamnati sai ta sake sayen na'urar ɗaukarsu.

Wani zai ce: to sai me? Ni ba ni da ko sisi a banki, in sun ga sunana me za su yi da shi? Wannan ita ce tambayar da muke ji a majalisu, kuma ita ce muke so mu tsaya a kanta, domin wanda yake zaune a wannan yanki namu bai kamata ya yi ta ba.

Mu ne maƙwabtan dajin Falgore. Mu ne muka san shekarun da direba ba ya shiga hanyar Kano zuwa Jos bayan la'asar sai da addu'a a bakinsa, har ta kai gwamnatin jiha ta gina wa sojoji sansanin horo a cikin dajin. Mun san ɓarayin shanu, mun san masu ɗaukar mutum su nemi fansa. Kuma duk wanda ya san wannan masifa ya san cewa ɗan bindiga ba ya aiki sai da infoma, wato munafukin cikin gari da zai nuna masa gida, ya kwatanta masa kamanni, ya ba shi lambar wayar dangi. Infoma yana da tsada, kuma yana da haɗari, domin ana iya gane shi. To ga shi an samar da infoman da ba ya gajiya, ba ya jin kunya, ba a kama shi a bayan masallaci, kuɗinsa naira 100. Ka ba shi lamba, ya ba ka suna da hoto da adireshi. Manomin da ya sayar da buhu ɗari na masara a kaka, ko mai noman rani a ƙasan madatsar Tiga, ko dillalin shanu, lambar wayarsa tana hannun mutum ɗari da bai sani ba. Abin da ya rage tsakaninsa da mugu a da shi ne wahalar bincike, yanzu kuwa an sauƙaƙa.

Su kuma masu garkuwar da aka ce don su aka wahalar da mu, shin sun daina kira? Waɗanda suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, da waya suka yi ta ciniki wata da watanni. A Maris na 2024 aka kwashe 'yan makarantar Kuriga. Har shi kansa Isa Ali Pantami, ministan da ya jagoranci haɗa layuka da NIN, ya fito a Janairun 2024 yana kukan cewa jami'an tsaro ba sa amfani da bayanan da aka tara wajen bin sawun masu laifi. Ashe ke nan tarkon da aka ɗana wa kura, akuya ya kama.

Ga wata fuskar kuma, wadda ta fi shafar wanda yake ganin ba shi da komai. Talaka ba shi da kuɗi, amma yana da suna mai tsabta, kuma sunan nan shi ɗan damfara yake nema. A Yulin 2025 hukumar EFCC ta bayyana cewa akwai matasa kimanin 12,000 da ke yawo a ƙasar nan suna sayen lambobin NIN da BVN daga hannun mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar a kan naira 5,000, a buɗe asusun ajiya da su. Wa ake buɗe wa asusu da sunan wani, in ba wanda ba ya so a ga nasa sunan ba? Kuɗin damfara ya shiga, kuɗin fansa ya shiga, a kwashe cikin minti biyar. Ranar da aka bi sawu, ba mai asusun na gaskiya za a tarar ba. Hoton da zai fito na wata tsohuwa ce a Bargoni, ko na wani ɗan acaɓa a Kofa, wanda aka ce masa ya kawo lambarsa za a sa shi a tallafin taki. Shi za a ɗaure, shi zai sayar da gona ya ɗauki lauya, shi za a riƙa nunawa a gari. Kuma ku lura da wani abu: lambar sirrin banki in ta fita ana canza ta, amma NIN ɗaya ce har mutuwa, zanen yatsa kuwa ba a sake shi. A 2015 an kutsa rumbun ma'aikatan gwamnatin Amurka aka kwashe bayanan mutum miliyan 21.5, ciki har da zanen yatsun mutum miliyan 5.6. A Indiya, a Janairun 2018, wata 'yar jarida ta sayi damar shiga rumbun Aadhaar a kan rufi 500. Waɗannan ƙasashe ne da wutar lantarki ba ta ɗaukewa a ofisoshinsu.

Amma duk wannan maganar ɓarayi ce. Akwai wadda ta fi ta nauyi, ita ce maganar mai riƙe da rumbun shi kansa. Gwamnati tana canjawa, rajista kuwa tana nan. Wanda ya tattara sunaye da kyakkyawar niyya ba shi ne zai gaje su ba. A Ruwanda, katin shaida mai ɗauke da ƙabila, wanda Turawan Beljiyam suka shigo da shi a shekarun 1930, shi aka riƙa dubawa a shingayen hanya a 1994 kafin a sare mutum. A Afganistan, na'urorin ɗaukar yatsu da ƙwayar ido da sojojin Amurka suka yi shekaru suna amfani da su, a hannun Taliban suka faɗa a Agustan 2021, waɗanda aka yi wa alkawarin kariya suka koma ɓuya. A yankin Shinjiyan na ƙasar Sin, ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana a 2017 cewa ana ɗibar jini da hoton ƙwayar ido na mutane daga ɗan shekara 12 zuwa 65, a ƙasar Musulmin Uigur. Ita dai ƙungiyar ta bayyana a 2021 cewa bayanan 'yan gudun hijirar Rohingya, waɗanda hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara a Bangaladash, sun isa hannun gwamnatin Bama da ta kore su, ba tare da an yi wa da yawansu cikakken bayani ba. Sun miƙa yatsu don su samu shinkafa.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A 2013 jaridar Premium Times ta fallasa kwangilar dala miliyan 40 da gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Isra'ila mai suna Elbit don sa ido a kan sadarwar 'yan Nijeriya. A ƙarshen 2022 hukumar zaɓe da bakinta ta ce 'yan siyasa suna sayen katunan zaɓe, suna karɓar lambobinsu daga hannun talakawa. Mutanen Tudun Wada kuma ba sa bukatar a tuna musu abin da zafin siyasa ya jawo a zaɓen Fabrairun 2023, na ƙone-ƙone da asarar rayuka. A ƙasar da ake iya kashe mutum a kan akwati, shin ƙaramin abu ne a ce ɗan siyasa ko yaronsa zai iya sanin gidan kowa da hoton kowa da ɗan canjin da ke aljihunsa? Ga malamin da ya faɗi gaskiya a kan mumbari, ga ɗan jaridar da ya tono almundahana, ga matashin da ya yi rubutu a Facebook. Masu cewa wanda ba shi da laifi ba ya tsoro, su gaya mana wa yake yanke abin da ake kira laifi.

A nan dole mu yi wa wasu daga cikinmu gyara. Ba muna cewa rajista haramun ba ce, kuma ba ma tare da masu yaɗa cewa NIN alamar Dujal ce. Wannan camfi ne, kuma wanda ya bi shi ɗansa zai cuta, domin tun 2021 ba a zana jarrabawar JAMB sai da wannan lamba, ba a yin fasfo na zuwa aikin Hajji sai da ita. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mutane gida-gida don a kai wa kowa haƙƙinsa daga baitulmali. Rubuta suna don a ba mutum haƙƙinsa sunnar shugabanni adalai ce. Abin da muke ƙi shi ne a rubuta suna da tilas, haƙƙin bai zo ba, sannan sunan ya tafi kasuwa. Addinin da ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurati, ya kuma wajabta neman izini kafin a shiga gidan wani a Suratun Nur, ba zai ɗauki wannan a matsayin ƙaramin kuskuren ofis ba. Mahukunta kuma su tuna cewa cin amana shi ke haifar da jita-jita: abin da ya faru da yara a gwajin maganin Pfizer a Kano a 1996 yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003, kuma yaranmu ne suka biya da ƙafafunsu.

Doka tana nan, ba sai an ƙirƙiro ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrinsa da na gidansa da na wayarsa. Dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan jama'a ya sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka samu ɓaraka mai haɗari, ta kuma tanadi tarar da za ta iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙon. Muna so mu ga wannan bulala ta hau bayan hukumomin gwamnati kamar yadda ake ɗaga ta a kan kamfanoni. Muna kira ga wakilanmu na mazaɓar Kiru da Bebeji da na Doguwa da Tudun Wada a Majalisar Wakilai su nemi a buga sunayen duk masu lasisin shiga rumbun, a kuma tilasta cewa duk lokacin da aka duba bayanan mutum, saƙo ya shigo wayarsa da Hausa yana gaya masa wanda ya duba. Banki yana iya aiko saƙo a kan naira hamsin da ya cire, don haka kada a ce mana ba zai yiwu ba. A 2022 hukumar ta fito da lambar wucin gadi mai haruffa 16 wadda take mutuwa bayan awa 72, don mutum ya bayar a maimakon ainihin lambarsa. Mutum nawa aka koya wa wannan a Dansoshiya ko Ragada?

Sai mu koma kanmu, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun ga kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya, har da namu, suna tattara NIN da lambar asusun marayu da zawarawa da sunan neman tallafi, sannan a ɗauki hoton takardar a watsa a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu. Mun ga kwafin takardun mutane a shagunan buga takardu, an tara su a kwali, ƙarshensu a hannun mai ƙosai. Wannan ma cin amana ne, ko da niyyar ta alheri ce. Daga yanzu, duk reshen da zai karɓi irin waɗannan bayanai ya sa mutum ɗaya amintacce ya riƙe, kada a ɗauki hoto, kuma in an gama a ƙone takardun.

Limamai su faɗa wa jama'a a huɗuba, a kuma faɗa wa mata a makarantun dare, domin su aka fi bi gida-gida: duk wanda ya zo da littafi yana neman NIN ko BVN ko lambar katin zaɓe, a tambaye shi daga wace hukuma yake, a nemi shaidarsa, a kai shi wurin mai unguwa ko dagaci kafin a ba shi ko harafi ɗaya. Kada a sayar da lamba ko nawa aka taya. Kada a karanta wa kowa lambobin da suka shigo waya, ko da ya ce daga banki yake kira. Matasan da suka iya waya su zauna da iyayensu su sa wa layinsu lambar kulle, domin wanda ya tsinci layi a buɗe yana iya danna *565*0# ya ga BVN ɗin mai shi. Wanda wayarsa ta ɓace ya je a toshe layin da asusun a ranar, kada ya jira sai ranar kasuwa. Wanda kuma ya daina amfani da wani layi, ya je banki a cire shi daga asusunsa, domin kamfani yana sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, saƙonnin bankinsa su koma shiga wayar baƙo.

Sakatarorin rassa na ƙananan hukumomin nan huɗu su tattaro mana koke-koken duk wanda aka buɗe asusu ko aka yi rajistar layi da sunansa ba da saninsa ba, ba tare da an rubuta lambobinsa a takardar ba, su kawo a taron wata mai zuwa, don a haɗa su a miƙa wa hukumar kare bayanai a rubuce, in Allah Ya so.